Muryar Dokas Ba Ta Zuwa Ranar Asabar

A unguwar Tudun Ƙofa da ke Keffi, in ka tambayi gidan Dokas matar Malam Haggai, sai a ce maka, "Wacce? Mai waƙa ko mai mura?" Duk mutum ɗaya ce. Tsofaffin unguwa su ke ce mata mai waƙa, don sun san ta tun tana amarya, lokacin da takan ɗaga murya tana wanki har masu tafiya kasuwa su rage sauri. Waɗanda suka zo daga baya, 'yan haya da ɗalibai, ba su san ta da komai ba sai ƙyallen da ba ya barin hannunta, tana ta sharce hanci.

'Yar Panda ce. Uwarta, Iya Keziya, ta fi shekara ashirin tana ba da waƙa a zumuntar matan cocin garin, wato ita ke jefa baiti, sauran mata su amsa, masu buga tulu da kacau-kacau suna biye. A gindinta Dokas ta koya. Da aure ya kawo ta Keffi gidan Malam Haggai, malamin firamare mai sanyin hali wanda rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, ba ta cika shekara biyu ba matan cocinsu suka ce ita za ta riƙa ba su waƙa.

Sai aka ba Nasarawa jiha, Abuja kuma ta cika ta fara tumbatsa ta hanyar Keffi. Wani ɗan uwanta ya samo mata aikin shara a wata ma'aikata a can. Aikin gwamnati ne, har da fansho. Ranar da takarda ta zo, maƙwabta suka yi ta shigowa barka, domin albashin Malam Haggai yakan zo ne kamar baƙon da bai yi alkawari ba. Zama a Abuja kuwa ba na irinsu ba ne. Don haka ta shiga sahun masu kwana a Keffi su wuni a birni.

Ana idar da sallar asuba a masallacin unguwa take fita. Bas ta ɗauke su ta bi ta Masaka, ta zo Mararaba ta tsaya cik a go-sulo, hayaƙin manyan motoci yana shigowa ta taga, mutum bai isa ya rufe ba saboda zafi. Ta isa ofis ta ɗauki tsintsiya. Ɗakuna huɗu ne nata, dukansu da kafet, injin zuƙe ƙura kuwa ya mutu tun kafin a ɗauke ta aiki. Tana gamawa, jikinta sharkaf da gumi, manya su iso a kunna esi, na'urar sanyaya ɗaki. A bencin da ke ƙarƙashinsa take zama jiran aike har a tashi. Sannan a sake bin hanyar a dawo.

Cutar ba babba ba ce, shi ya sa ba wanda ya taɓa ɗaukarta da muhimmanci. Tana da ranakunta kamar kasuwar ƙauye. Litinin Dokas garau take. Talata da yamma atishawa. Laraba hanci ya toshe, kai ya yi nauyi. Alhamis maƙogwaro ya kama susa kamar ta haɗiyi ƙaiƙayi. Juma'a murya ta dushe. Asabar kuwa, ranar da mata ke taruwa koyon waƙa, in ta buɗe baki iska kawai ke fita. Lahadi takan iya gaisuwa, amma ba ta iya ɗaga baiti. Kafin safiyar Litinin murya ta dawo, daidai lokacin da ba mai bukatarta sai direban bas.

Ba abin da ba ta sha ba. Duk sanda ta je aka gwada jininta amsa ɗaya ce, maleriya da taifot, ana faɗarsu tare kamar sunan tagwaye. Ta sha ƙwayoyi, ta sha allurai, sau biyu har da ƙarin ruwa. Ta sha citta da kanumfari, ta sha zuma da lemun tsami, ta tauna tafarnuwa har Malam Haggai ya koma kwana yana kallon bango. Ta yi siracen ganyen dogon yaro. Kowane magani yakan yi aiki ranar Lahadi, ya daina ranar Talata.

Akwai maƙwabciyarta Hajiya Huraira, mai waina, 'yar wani tsohon gida ce na unguwar Liman Abaji, katanga ɗaya ta raba su. Wata rana ta leƙo ta tarar da Dokas zaune ta dafe kai.

"Maman Julius, wai me ke cin ki ne haka kullum?"

"Sanyi ne, Hajiya. Tun da na fara aikin nan sanyi ya kama ni."

Huraira ta waiga, ta rage murya. "Sanyi? Shi ne kika yi shiru shekara da shekaru? Shi Malam ya sani?"

"Ya sani mana. Wani lokaci ma yana ɗauka a wurina."

"Ai dole ya ɗauka!"

Washegari ta kawo jarka cike da wani jiƙo baƙi daga wurin gwaggonta, ta ce su sha su biyu, safe da yamma, kada ɗaya ya sha ya bar ɗaya. Dokas ta iya Hausa sarai, amma a kasuwa da coci ta koye ta. A wurinta sanyi shi ne abin da esi ke hurowa. Ba ta san cewa in mace ta rage murya ta ce sanyi, ciwon mara na mata take nufi ba. Kwana goma suna shan abin nan mai ɗaci kamar maɗaciya, Malam Haggai yana zarya bayan gida yana cewa tun da Hajiya ce ta kawo ai ba za a ƙi ba. Rana ta goma sha ɗaya Huraira ta tambaya ta kan katanga.

"Ƙaiƙayin ya ragu?"

"Yana nan a maƙogwaro."

"Wane maƙogwaro kuma?"

Da suka fahimci juna, Huraira ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Dokas ma ta yi, sai dai tata ba ta da sauti, don ranar Asabar ce. Tun daga nan in Malam Haggai ya wuce, Huraira takan ce, "Malam, ya jikin naka? An samu sauƙin sanyin?" Shi kuwa ya ƙara wa rediyo murya ya wuce.

A hankali ba da waƙa ta zame daga hannunta. Ba wanda ya karɓe, ba wanda ya ce ta sauka. Anjelina, wata matashiyar malamar makaranta mai zaƙin murya, ita ke riƙe mata "kafin Mama ta warke". Kafin Mama ta warke ɗin nan ya kai shekara bakwai.

Abin da ya tona asirin cutar ba likita ba ne, yajin aiki ne. Wata shekara ma'aikata suka tafi yaji, aka rufe ofisoshi sati uku. Satin farko Talata ta zo ta wuce ba atishawa. Laraba ta wuce. Rana ta goma Dokas tana wanki a tsakar gida sai ta ji waƙa na fita daga bakinta, cikakkiya, irin ta da. Malam Haggai ya miƙa hannu ya kashe rediyo, abin da ba a taɓa gani ba. Ranar Lahadin nan ita ta ba da waƙa, tsofaffin mata suka yi ta guɗa. Aka koma aiki ranar Litinin. Laraba hanci ya toshe.

Ta kai labarin wurin Lea, wata nas 'yar cocinsu. Lea ta saurara har ƙarshe, ta haska mata maƙogwaro, ta ce, "Mama, wannan ba maleriya ba ce, ba taifot ba ce. Ƙura ce da hayaƙi da esi. Jikinki ba ya shiri da su."

"To ki rubuta mini maganinsa."

"Maganinsa ki daina shaƙarsu."

"Ki ce in daina numfashi ke nan, 'yata."

Lea ta ba ta abin da za ta iya. Ta rufe hanci a mota da lokacin shara. Ta yayyafa ruwa kafin ta sa tsintsiya. Ta bar ruwan sanyi, ta riƙa shan mai ɗumi. Ta sa rigar sanyi in an kunna esi, ta bar shan ƙwayoyin da ba na cutarta ba. Dokas ta bi duka. Ta ɗaure hanci da ƙyalle, 'yan bas suka sa mata suna 'yar fashi. Ta yayyafa wa kafet ruwa, ya yi wari, shugaban sashensu Mista Wilson ya hana. Ta sayi filas, ta sa suwaita a tsakiyar bazara. Abin ya yi amfani, ba za a ce bai yi ba: atishawar Talata ta koma Laraba. Kwana ɗaya ta ƙwato. Asabar tana nan yadda take.

"Ki bar aikin mana," in ji Malam Haggai wata rana, ba tare da ya dube ta ba.

"In bari mu ci me, Baban Julius? Waƙa?"

Shekara shida suka rage mata ta kai fansho, ɗansu Julius kuma yana jami'a. Bai sake tayar da maganar ba.

Babban taron zumuntar mata na yankinsu zagayawa yake yi, gari zuwa gari, sai ya yi shekara tara ko goma bai koma inda ya taɓa zuwa ba. A shekarar da ake wannan labari ya faɗo a Panda, ranar Asabar ta biyu ga farkon damina. Iya Keziya ta haura tamanin a lokacin. Idanunta sun rufe, kunne ɗaya ne ke ji. Ta aiko da saƙo ta bakin wani mai kawo doya: "Ku gaya wa Dokas ina jiranta. Ban taɓa jin ta ba da waƙa a filin Panda ba. In ji da kunnena, sannan in tafi."

Dokas ta san lissafinta. Kwana goma take bukata ba hanya, ba kafet, ba esi. Kwana goma kawai. Ta shirya sabuwar waƙa a bas, tana juya ta a zuci daga Masaka zuwa Nyanya, ta koya wa mata ita ranar wani hutun Litinin. Ita za ta ce, "Ruwa ya sauka a kan tudu, bai tambayi gonar wa ba." Su amsa, "Haka alherinsa yake." Malam Haggai ya rubuta mata takardar neman hutu da kyakkyawan rubutunsa na allo, hutun sati biyun da suka gabaci taro. Mista Wilson ya sa hannu.

Saura kwana biyar hutun ya fara aka kawo sabon shugaba ma'aikatar. Ya zagaya ofisoshi, ya toshe hanci, ya ce a kwashe tsofaffin fayiloli, a ɗaye kafet ɗin nan duka a sa tayil. Aka dakatar da hutun duk masu shara. Shekara goma sha wani abu Dokas tana roƙon Allah ya raba ta da kafet ɗin nan. Ga shi an amsa, amma a wannan sati biyun, kuma da hannunta za a ɗaye shi.

"Madam Dokas, ba ni ba ne," in ji Mista Wilson. "Daga sama ne."

"Yallaɓai, sati biyu ne kawai."

"In an gama ki ɗauki wata guda ma, ni zan sa hannu."

"In an gama ba ni da abin yi da shi, Yallaɓai."

Ya buɗe hannuwa. Ta yi tunanin ta ƙi zuwa kawai. Amma a lokacin ana raɗe-raɗin za a rage ƙananan ma'aikata a ba 'yan kwangila shara, ana kiran suna safe da yamma. Takardar asibiti kuwa, wa zai rubuta wa mutum hutun kwana goma don mura? Ba ta ma tambayi Lea ba, don kada ta sa yarinyar ta yi ƙarya.

Sai ga wata ƙofa. Rediyo ta ce ƙungiyar ƙwadago ta ba da wa'adi, in ba a sasanta ba za a fara yajin aiki ranar Litinin. Dokas ta ƙirga a yatsu. Daga Litinin ɗin zuwa Asabar ta taro kwana goma sha biyu ne. Har da rarar biyu.

Ba ta gaya wa kowa abin da ke ranta ba, sai dai Huraira ta gane. "Maman Julius, duk ƙasa ana roƙon a sasanta, ke kina roƙon a ɓata. Anya Fastonku ya sani?"

"Ni ban roƙi komai ba, Hajiya."

"To me ya sa kike wanke ankon taro tun yanzu?"

Ranar Lahadi Fasto ya yi doguwar addu'a Allah ya kawar da yajin nan, saboda marasa lafiya a asibiti da yara 'yan makaranta. Coci duka ta ce amin. Dokas ta sunkuyar da kai. Ta san gaskiya ya faɗa, ta san akwai waɗanda yajin zai kashe. Bakinta bai iya cewa amin ba, bai kuma iya roƙon akasin haka ba. Ta ji kunyar kanta.

Da la'asar tana tsince wake a tsakar gida, Malam Haggai yana kan tabarma da rediyonsa. Mai labarai ya ce an cimma matsaya, an janye yajin aiki, kowa ya fita aiki gobe.

"Mun gode Allah," in ji Malam Haggai, don haka bakinsa ya saba. Sai ya ɗago ya ga fuskarta. Ya rage muryar rediyon. Ita kuwa ta ci gaba da tsintar wake, tana jefa masu kyau cikin tsakuwa, tsakuwa cikin masu kyau.

Sati biyun nan ta shaƙi ƙurar da ta taru tun gina ma'aikatar. Ƙarƙashin kafet akwai wata ƙasa mai laushi kamar toka, fayiloli kuwa in an ɗaga ɗaya sai hayaƙi ya tashi. Ta ninka ƙyalle biyu a hanci. Ta sha ruwan ɗumi har ta gaji da shiga bayi. Ta daina magana gaba ɗaya don ta adana abin da ya rage, sai nuni da hannu. Duk da haka, wannan karon tun Talata muryar ta tafi. Ranar Alhamis da yamma ta kira Anjelina gida, ta rubuta mata baitocin duka a takarda.

"Mama, ai za ki warke kafin jibi," in ji Anjelina.

Dokas ta tura mata takardar.

Daren taro Huraira ta aiko da zuma, ta ce wannan na maƙogwaro ne, kada a ba Malam.

Safiyar Asabar suka cika bas biyu zuwa Panda, kowa cikin anko. An yi ruwa, gari ya yi luf, filin coci ya cika da mata ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin mangwarori. An zaunar da Iya Keziya a kujerar roba a sahun gaba, an juya mata kunnen da ke ji wajen lasifika. Da mai sanarwa ta ce matan Keffi, Dokas 'yar Keziya za ta ba da waƙa, tsohuwar ta gyara zama.

Tuluna suka fara. Dokas ta karɓi makirfo, ta kurɓi ruwan filas, ta ja numfashi.

"Ruwa ya sauka..."

Iyakar abin da ya fito ke nan, shi ma a shaƙe. Ta sake buɗe baki, lasifika ta kwaso hucin iska kawai. Masu tulu suka zagayo, suka sake zagayowa suna jiranta. Matan da ke bayanta sun buɗe baki za su amsa, ba abin amsawa. A zagaye na uku, ba tare da ta waiga ba, ta miƙa makirfo ta kan kafaɗarta. Anjelina tana nan daidai bayanta. Ba ta karɓa ba, ta dai matso da bakinta, ta ɗauki baitin daga farko. Haka suka yi waƙar har ƙarshe, Dokas a gaba riƙe da makirfo, murya na fitowa daga bayanta. Filin ya ɗauka, har matan wasu garuruwa suna amsawa, haka alherinsa yake.

Da aka tashi cin abinci ta je ta durƙusa gaban uwarta. Iya Keziya ta laluba ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Dokas ce? Na ji ki. Da farko kin ji tsoro, na ji kin tsaya. Na ce a raina, saki muryar, 'yar nan, gida kike. Sai kika sake ta." Ta yi dariya, ba haƙori ko ɗaya. "Muryarki ba ta tsufa ba ko kaɗan. Kamar ta yarinya. Ashe Abujar nan ta karɓe ki."

Dokas ta ce, Iya, ba ni ba ce. Leɓunanta ne suka faɗa, sautin bai fito ba.

"Me kika ce?"

Ta matsa kusa da kunnen da ke ji, ta sake gwadawa. Iska.

"Kin gaji, huta. Ni ma haka nake yi in na gama." Tsohuwar ta shafa kanta. "Yanzu ko gobe aka kira ni, na shirya."

Anjelina na tsaye gefe da kwanon shinkafa, idonta a ƙasa. Matan Panda da suka ga komai ba wadda ta tanka. Dokas ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar uwarta har direba ya fara danna hon. Duk hanyar komawa tana tunani ko ta dawo wani satin ta faɗa mata gaskiya, ko ta bar ta da abin da ta ji. Har suka shigo Keffi ba ta yanke ba. In ma za ta koma, ranar Asabar ce kaɗai take da ita.

Litinin ana idar da sallar asuba ta fita. Masaka, Mararaba, go-sulo, hayaƙi. Da bas ta kusa ƙofar ma'aikata direba bai rage gudu ba, sai ta zare ƙyalle daga hanci.

"Akwai sauka!"

Muryar ta fito tar, ta cika motar, har direba ya taka birki da ƙarfi. Wani mutum a kujerar gaba ya waigo.

"Kai, Madam! Wannan murya ai ta mawaƙa ce."

Ta mayar da ƙyallenta, ta ɗauki filas, ta sauka.